Ci Daban, Sha Daban

Ni ce 'yar fari a gidanmu, amma mulkin gidan ba a hannuna yake ba. Ba ya ma hannun Baba, duk da shi ne mai gemu. Mulki yana hannun ƙanena, autan Umma, wanda a lokacin da wannan abu ya faru saura wata biyu ya cika shekara biyu. Auta muke ce masa. Kalma uku kacal ya iya a duniya: "Umma", "a'a", da "sha". Da waɗannan ukun yake juya gida guda, har da maƙwabta.

Bara, a hutun makaranta na lokacin zafi, ina 'yar shekara goma sha huɗu, Umma ta ce in raka ta awo. Ƙaramin asibitin unguwarmu a nan Daura yana da rana guda a mako da ake auna yara. Aikina riƙon jaka da kati. Wanda bai taɓa zuwa awo ba bai san kuka ba. Akwai sikeli a rataye a baranda, da wani wando mai dogayen igiyoyi da ake zura yaro a ciki a sagale shi yana lilo. Kowane yaro yana kuka in an rataye shi, amma Auta ya mayar da abin sana'a. Na tabbata mutanen da ke wajen Kusugu sun ji shi, kuma tsakaninmu da can tafiya ce mai kyau.

Malamar asibitin, wata gajeruwa mai tabarau, ko a jikinta. Ta duba allurar sikeli, ta ɗiga alama a katinsa. Sannan ta zaro wani siririn tef mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta naɗe masa damtse da shi. Tef ya tsaya a kan rawaya.

"Maman yaro, matso ki gani," in ji ta, tana nuna katin da biro. "Layin nan hawa ya kamata ya riƙa yi. Na ɗanki wata uku ke nan yana kwance. Yana zawo? Zazzaɓi fa?"

"A'a, Malama, lafiyarsa lau."

"To me yake ci?"

"Komai yana ci."

"Komai ba sunan abinci ba ne. Jiya da rana me ya ci?"

Umma ta dube ni, na dubi Auta, Auta ya dubi Malama ya ce, "A'a."

Gaskiyar magana ba wanda ya sani. A gidanmu kwano ɗaya ake zuba wa yara. Akwai ƙannena maza biyu tsakanina da Auta, waɗanda in suka sa hannu a kwano sai ka ɗauka fara ce ta sauka a gona. Auta yana zama tare da su, yana tsoma hannu, yana fitowa da maiƙo a kumatu. Duk wanda ya ga maiƙon sai ya ce yaro ya ƙoshi.

Malama ta ce, "Daga gobe a ware masa kwanonsa. Kwana uku a rubuta mini duk abin da ya ci, da lokacin da ya ci, da yawansa. A auna da cokalin cin abinci. Kar a ƙara, kar a rage. Wa ya iya rubutu?"

Umma karatun allo ta yi, da ajami take rubutu, Malama kuma ta ce ita ajami sai dai ta kalla. Saboda haka ido ya dawo kaina.

"Ke 'yan mata, za ki iya?"

"Ni ce ta uku a ajinmu, Malama." Ta goma sha uku nake, amma baranda cike take da mata, ba wurin dogon bayani ba ne.

"Madalla. Duk abin da ya ci. Kin ji?"

"Na ji. Duk abin da ya ci."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu, kamar yadda ta fito daga bakinta.

Muna komawa gida muka tarar da Kaka, mahaifiyar Baba, ta iso daga Baure da ƙullin kayanta da ƙwaryar fura. A danginmu in za a yaye yaro kakarsa ake kai wa, ya yi wata ɗaya ko biyu, wani ma ya zauna ke nan sai ya isa shiga makaranta. Ni a Baure aka yaye ni, ƙannena biyu ma haka. Auta ne kaɗai Umma ta yaye a gida, da dabara. Yau ta ce yana mura, gobe ta ce haƙori yake yi, har aka wuce wurin. Kaka ba ta manta ba.

Ni kuwa, da bakina da ba ya riƙe komai, tun kafin ta gama amsa gaisuwa na ba ta labarin tef mai launi uku.

"Na faɗa!" in ji Kaka, ta tafa hannu. Ta jawo Auta ta ɗaga hannunsa sama tana dubawa. "Tun ran da aka hana ni angona na san haka za ta faru. Dubi wuya kamar na zabuwa. A ba ni shi in tafi da shi Baure, bayan wata uku ku zo ku ga kumatu."

Mace ba ta musu da uwar mijinta, balle a kan ɗa. Umma ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Da Baba ya dawo Kaka ta maimaita masa, da ƙari. Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar da hula.

"Iya, a bari mu ji ta bakin asibiti. In takarda ta nuna ba ya samun abinci a gidan nan, sai ki tafi da shi."

"To ina nan har a karanta takardar," in ji Kaka, ta shimfiɗa tabarmarta a gindin dalbejiyar tsakar gida kamar mai kafa tuta.

Na sha faɗa a gaban kowa cewa in aka samu mai son Auta zan ba shi kyauta in haɗa masa da ledar kayansa. Yaron ya yaga mini littafin kimiyya, ya jefa takalmin makarantata a randa. Amma da la'asar ɗin nan na ga Umma ta goya shi tana shara, alhali barci yake yi, ba abin da zai hana ta kwantar da shi. Ta share tsakar gidan, ta sake sharewa. A nan na gane cewa zaman Auta a gidanmu ko tafiyarsa Baure yana bakin birona. Na yanko fallaye daga tsakiyar littafin darasin Hausa, na ja layuka da rula, na ƙudura cewa ba a taɓa rubuta takarda mai gaskiya irin tawa ba.

Washegari da safe Umma ta dama koko, tsinkakke yadda zai bi ta bakin kofinsa. Auta ya ɗaga kofi bai sauke ba sai da ya ga gindinsa. Ya ce, "Sha." Aka ƙara masa. Na ɗaga biro, sai na tsaya. Koko ai ba a cin sa. Ban taɓa jin mai hankali ya ce ya ci koko ba. Malama ci ta ce. Mace mai tabarau, wadda ta yi karatu har ta gaji, da sha take nufi ai da ta ce sha. Na ajiye biro ina jin daɗin kaifin basirata.

Aka miƙa masa ƙosai. Wannan kam ci ne. Na rubuta: "Ƙarfe takwas, ƙosai ɗaya. Ya ci rabi, kaza ta ƙwace rabi."

Da rana aka yi garau-garau. Na auna cokali goma na shinkafa da wake a ɗan kwanon roba, na ajiye gabansa. Ƙannena biyu suna zagaye shi kamar shaho, ni ina korar su da mafici.

"Kwano shi kaɗai, sai ka ce hakimi?" in ji Kaka daga tabarmarta. "Yaro a cikin 'yan'uwansa yake koyon ci."

"Kaka, a cikin waɗannan sai dai ya koyi azumi."

"Ja can, uwar surutu."

Da ya tashi na auna saura, cokali huɗu. Wato shida sun tafi. Amma ina suka tafi? Na bi sawu. Biyu suna ƙasa, kaji suna walima. Ɗaya yana cikin gashin kansa da kunnensa na hagu. Ɗaya ni na ɗanɗana don in tabbatar ba zafi, kuma na cire shi, domin ni mai amana ce. Abin da ya shiga cikin Auta cokali biyu. Na rubuta biyu.

Daga nan aikin ya koma na ƙafa, don Auta ba ya zama. Ya fita zaure, na bi shi da takarda. A bakin layinmu akwai shagon kayan babur na wani mutumin Kudu, Ibo, da matarsa da muke ce wa Madam. Sun daɗe a Daura tun kafin a haife ni, kuma Madam tana sayar da zoɓo mai sanyi a kula. Tana hango shi ta miƙe.

"Oga ya zo! Oga, yaya zafi? Yaya iyali?"

"Sha," in ji Oga.

Ta ɓula masa ledar zoɓo, ya tsotse ta har ta manne. Madam ta ga takarda a hannuna ta ce, "Ke kuma sakatariyar Oga ce?" Na ce i. Ban rubuta ba. Zoɓo sha ne.

Muka dawo, Kaka ta dama fura. Saboda zafi ta tsinka ta da ruwan randa sosai, nono kaɗan, sukari kuwa sai da ta zuba ta sake zubawa, wai ango ba ya shan abu salam. Ta zaunar da shi a cinya tana ɗura masa da ludayi, yana lumshe ido.

"Rubuta, ke mai biro! Rubuta a ga mai kula da shi a gidan nan."

"Kaka, wannan sha ne. Ci aka ce."

"Ke da bokonki kuka sani," in ji ta, ta ci gaba da ɗura.

Haka muka yi kwana uku. Baba ya ba shi shayi a murfin kofi, sha. Mangoro, sha. Kankana, sha. Alewar da ɗan maƙwabta ya cire daga bakinsa ya sa masa, sha. Miyar kuka da ya dangwala da yatsa ya lasa ta ba ni wahala, na zauna na yi nazari, na yanke hukuncin cewa lasa ba ci ba ce ba sha ba ce, na bar ta. Amma duk abin da yake ci ne ban bar shi ya wuce ba. Na rubuta lomar tuwo uku. Na rubuta gyaɗa ƙwaya biyu. Na rubuta, "Ƙarfe huɗu, ya ci ƙasa, kamar rabin cokali." Na rubuta, "Ya ci sabulu, ɗan kaɗan, bai ji daɗi ba."

A rana ta uku da yamma na duba takardata, gabana ya faɗi. Fallaye huɗu na tanada, ko ɗaya bai cika ba. Na ɗebo tuwo na bi Auta da shi har bayan turken akuya ina lallashi. Ya ce a'a. Na yi masa rawa, ya tafa mini, ya ce a'a. Na taɓa cikinsa, tam kamar ganga. Abin ya ɗaure mini kai: ciki a cike, takarda wayam. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, na rubuta "cinyar kaza ɗaya". Sai na tuna rabonmu da yanka kaza tun Sallah, kuma Kaka za ta ba da shaida. Na soke, na yi istigfari.

Ranar komawa Kaka ta riga kowa shiri. Ta yafa mayafinta na zuwa biki, har ta ƙulle wasu rigunan Auta a ɗankwali ta ajiye bakin ƙofa, wai kar a ɓata lokaci in an dawo. Umma ta ga ƙullin, ta kawar da kai.

Baranda cike da mata kamar kullum. Da layi ya zo kanmu na miƙa takarda da hannu biyu ina jiran yabo. Malama ta gyara tabarau ta fara karantawa a fili. Tana tafiya muryarta tana raguwa. Da ta zo kan sabulu ta juya takardar ta duba baya, ba komai.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan, Malama."

"Abincin kwana uku ke nan? Kazar da ke cikin takardar nan ta fi shi samun abinci!"

Wata daga cikin matan da ke kusa ta ce, "Wayyo, bawan Allah." Kaka ta gyara zama ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda alƙali ya ba gaskiya.

"Malama, faɗa musu dai. Ni na faɗa an ce tsufa ne."

Malama ta juya ga Umma, ba wasa a fuskarta. "Maman yaro, in haka yake ci, ba maganar gida ba ce kuma. Sai in rubuta muku takarda zuwa babban asibiti a duba shi. Ba abinci ne a gidan, ko ba mai ba shi?"

Ban taɓa ganin fuskar Umma haka ba. Idonta ya kawo ruwa, ta sa bakin mayafi ta danne. Ni kuwa ji nake kamar in shige cikin wandon sikeli a rataye ni a manta da ni.

Malama ta jawo Auta ta danna cikinsa, ta duba idonsa, ta ja fatar hannunsa ta saki. Ta ɗaure fuska irin ta mai lissafin da ya ƙi fita. "Amma yaron da ya ci wannan kaɗai ba zai tsaya da ƙafarsa yana ƙwace mini biro ba."

Daidai nan Auta ya hango gorar fura tana leƙowa daga jakar Kaka. Ya miƙa hannu ya ƙwala, "Sha! Sha!"

Malama ta dubi gorar. Ta dube ni ta saman tabarau. "'Yan mata, me yake sha?"

"Ai da yawa, Malama."

"Ina yake a takarda?"

"Ba ki ce in rubuta abin da ya sha ba. Ci kika ce."

Sai wata mata mai tagwaye a bayanmu ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Baranda duka ta ɗauka. Mai share asibitin ta jingina tsintsiya ta riƙe ciki. Malama ta cire tabarau tana share hawaye, ta ce shekararta nawa tana wannan aiki ba a taɓa kama ta da bakinta ba sai yau.

"Gaskiyarki, ni na ce ci. To yanzu na ce sha. Faɗa mini duka. Ko duka ya sha, ki faɗa."

Nan fa ƙwaƙwalwar ta goma sha uku ta nuna kanta. Na zayyano mata tun daga safiyar farko: koko kofi biyu kullum, shayin Baba, zoɓon Madam leda ɗaya da hantsi wata rana biyu, fura sau uku a rana ludayi shida-shida, mangoro, kankana, alewa, ruwan randa ba adadi. Malama tana rubutawa har ta nemi ƙarin takarda.

Da ta gama ta kama hannun Auta ta dunƙule shi ta ɗaga. "Kun ga wannan? Cikinsa bai fi haka da yawa ba. Kun cika shi da ruwa da sukari tun safe, ina tuwo zai zauna? Yaron nan ba yunwa yake ji ba, kuma ba ƙoshi yake yi ba. Mangoro da kankana ba laifi. Amma kokon nan, in kin ɗebo a cokali kin karkata, yana zuba?"

"Kamar ruwa," in ji Umma a hankali.

"To ya zama mai kauri, wanda zai tsaya a cokali sai an girgiza. A sa masa gyaɗa ko waken soya a ciki. A ba shi ƙwai, wake, ɗan kifi, zogale a miya, ɗan manja. Kaɗan-kaɗan, sau biyar a rana. Abin sha kuma sai bayan ya ci. Furar nan sau uku, wa ke ba shi?"

Ni dai idona ne kawai ya tafi wajen jakar Kaka ya ƙi dawowa.

"Fura ce ta raini ubansa!" in ji Kaka. "Je ki gan shi, ƙofa ba ta isarsa."

"Iya, fura abinci ce, ban musa ba. Nono ma magani ne. Amma ta ubansa haka kike tsinka ta?"

Kaka ta gyara mayafinta ta ce, "Lokacin muna da shanu."

"To a rage ruwa, a rage sukari, a ƙara nono. Ku dawo bayan mako huɗu. 'Yan mata, ki ci gaba da rubutu. Ci da sha."

"Lasa fa, Malama?"

"Fita mini daga nan!"

A gida Kaka ta ce takarda dai ta nuna ba ya ci, alkawari kuma alkawari ne. Baba, da ya gama dariyar labarin har ya ƙware, ya ce a ba asibiti mako huɗun da suka nema. In allura ba ta motsa ba, ba zai ƙara cewa komai ba. Kaka ta ce ta yarda, amma tana nan. Ƙullin rigunan Auta ta ajiye shi a ƙarƙashin matashinta, ba ta kwance ba.

Kwana biyun farko gidanmu ya zama filin yaƙi. Auta ya ga koko ya tsaya a cokali, ya dube mu kamar mun ci amanarsa. Ya yi ta ihun "sha" har muryarsa ta dushe. Ya gudu wajen Madam, na riga shi isa na yi mata bayani.

"Oga, an ce ba zoɓo sai ka ci abinci," in ji ta. "Ba ni ba ce, sakatariyarka ce." Ya kwanta a ƙofar shagon yana birgima, masu gyaran babur suna ba shi haƙuri. Washegari Madam ta dafa masa ƙwai ta ɓare, ta ce na Oga ne na musamman. Ya karɓa yana harararta, ya cinye.

Wadda ta fi ba ni aiki Kaka ce. A rana ta uku na kama ta a bayan ɗaki, kafin abincin rana, da ludayi a hannu da Auta a cinya.

"Kaka, ludayi nawa?" Na buɗe takarda.

"Ɗanɗanawa kawai ya yi."

"Ɗanɗanawa ma yanzu ana rubutawa. Da sunan mai bayarwa."

"'Yar banza mai bakin tsiya. Allah ya haɗa ki da jika irinki."

Ta ajiye ludayin. Amma abin ya tsaya mata a rai. Da yamma ta ga Umma tana fama da shi a kan kunun gyaɗa, yana kawar da kai, sai ta taso ta karɓe kwanon.

"Ba haka ake ba yaro abinci ba, kamar ana ba shi magani. Kawo."

Ta zaunar da shi a ƙafarta, ta ɗebo a cokali ta kai bakinta kamar za ta ci, tana santi tana cewa ai angon ba ya so, bari ta cinye abinta. Auta ya ce, "A'a!" ya ƙwace cokalin. Cokali tara ya ci a zaman nan. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na rubuta da manyan baƙaƙe.

Daga ranar Kaka ta mayar da abin nata. Ita ce soya gyaɗa, ita ce daka, ita ce aika ni tsinko zogale. Furarta ta yi kaurin da ludayi zai tsaya a ciki ya yi sallama. Umma tana dafawa, Kaka tana bayarwa, ni ina rubutawa, ƙannena biyu suna jiran ragowa, wadda kullum raguwa take yi. Fallayena suka cika, na yanko na littafin lissafi, wanda dama ba amfanin da yake yi mini.

Ranar da mako huɗu suka cika aka sake rataye Auta. Umma ba ta iya kallon sikelin ba, ƙasa take kallo. Malama ta jira allura ta daina rawa, ta duba, ta ɗiga alama, sannan ta juyo da katin. Ɗigon ya hau sama da na baya. Ba tsalle ya yi ba, amma ko daga inda nake tsaye ana ganin ya hau. Ta naɗa tef, ya tsaya daidai inda rawaya ta ƙare kore ya fara.

"Alhamdu lillahi. Ku ci gaba a haka, kar a saki."

"Hannuna ne," in ji Kaka ga matar da ke kusa da ita, wadda ba ta tambaye ta ba. "Wata ɗaya kacal."

Umma ta ce, "Haka ne, Iya," tana murmushin da ta kasa ɓoyewa.

Bayan kwana biyu muka raka Kaka tashar motar Baure, ni da Umma da Auta. A nan abin da ba wanda ya shirya masa ya faru. Wata guda tana ba shi abinci a baki, ya saba da ita. Tana sa ƙafa a mota ya ƙwace daga hannun Umma ya cakumi zanenta da hannu biyu yana ihu. Na ja shi, ya ƙi. Fasinjoji suka fara cewa a bar yaro ya bi kakarsa mana. Direba ya leƙo ya ce, "Iya, da yaron ne? A miƙo shi mu tafi."

Umma ta tsaya hannunta a sake. A gaban mutane, a gaban uwar miji, ba abin da za ta iya cewa. In Kaka ta ce a miƙo shi, an gama.

Kaka ta ɗauke shi ta ɗora a cinya. Ta share masa hawaye da majina da bakin mayafinta na biki, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɓamɓare yatsunsa daga zanenta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo shi ta taga.

"Karɓi abinki," ta ce wa Umma. "Ya yi mini nauyi, ƙafafuna ciwo suke. Kuma kar in ji an ce ya rame, don motar nan kullum tana zuwa."

"In sha Allahu, Iya. Allah ya kiyaye hanya."

Mota ta tashi. Auta ya yi kuka har muka fita daga tasha, sannan ya ga wani jaki ya manta. Umma ta ce in goya shi ita ta gaji. Ba gajiya ba ce, murna ce. Na goya shi, muka kama hanyar gida a ƙasa, yana ja mini kitso, Umma tana gaba tana gaisa da duk wanda ta gani, har waɗanda ba ta sani ba.